Leda Biyu Aka Ƙara Mini, Ta Uku Likita Ya Hana

Washegarin ranar da aka yi mini aiki, gardama ta kaure a bakin gadona, ni kuwa ina kwance ko juyi ba na iyawa. Maigidana na tsaye riƙe da takardar ɗakin ajiyar jini, Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi, likita yana duba sakamakon awon da aka kawo masa da safe. Leda uku aka tanada da sunana. Biyu sun shiga jikina, ɗaya tana firji. Maigida ya ce a ɗauko ta a saka mini, tunda mutane sun riga sun ba da jinin kuma an biya kuɗin gwaji. Likita ya girgiza kai.

"Likita, dubi idonta fa, fari fat. Dubi tafin hannunta."

"Na gani, Alhaji. Jininta 7.9 ne. Zuciyarta na bugawa daidai, numfashinta lafiya lau, zubar ta tsaya. Ba zan ƙara mata ba."

Inna ba ta jin Faransanci, sai da aka maimaita mata da Fulatanci. Ta ajiye carbin ta ce, "Ɗan nan, jininmu ne fa, ba na gwamnati ba. Me ya yi zafi da za a hana 'yar nan abinta?" Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa jin ta ɗaga wa baƙo murya ba sai ranar. Ni ma a zuciyata ina bayansu. Na ɗauka rowa ce, ko kuma akwai wani mai kuɗi da aka yi wa alkawarin ledar.

Bari in koma baya kaɗan. Ni malamar makarantar firamare ce a Garwa, arewacin Kamaru, shekarata 39, 'yata ɗaya. Kusan shekara uku ina fama da ƙari a mahaifa. Al'ada ta zo ta yi kwana goma, wani lokaci sha biyu, da gudaji, har in ji kunyar tashi daga kan kujera a aji. Na sha saiwoyi, na sha rubutu, na sha abin da aka aiko daga Yola da wanda aka aiko daga Marwa. Ba don ban yarda da asibiti ba, tsoro nake kada a ce za a cire mahaifar, ni kuwa ina son ƙarin haihuwa. Sai da na yanke jiki na faɗi a bakin allo, yara suka watse suna kuka, sannan na yarda aka kai ni hoton ciki. Ƙari biyar aka gani, babban ya kai girman lemon zaƙi.

Ranar aka fara auna mini abin da suke kira hemogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Mace mai lafiya nata yakan kai 12 ko fiye. Nawa 7.6. Likita ya ce zai iya cire ƙarin ya bar mahaifar, amma aiki ne mai zubar da jini, kuma ba ya so ya shiga da ni ɗakin tiyata a haka. Ya rubuta mini ƙwayoyin ƙarfe, ya ce in sha mako shida in dawo.

A nan na yi wa kaina sakaci, kuma har yau abin na ci mini rai. Ƙwayoyin suna tayar mini da zuciya, suna ɗaure mini ciki, bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Ban san baƙin ba komai ba ne, haka maganin yake yi. Na sha na kwana goma na ajiye. Kwanakin da na sha ɗin ma da shayi nake korawa, ashe shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen. Na koma ga abin da kowa ke faɗi a unguwa, malta da madarar gwangwani, wai yana kawo jini nan take. Yana da daɗi, yana sa ƙiba, amma da na koma awo 8.4 na samu. Kafin likita ya gama yi mini faɗa ya ƙara mini wasu makonni, jinin ya sake ɓallewa, wannan karon ba tsayawa. Aka sa ranar aiki cikin azumin 2024, tsakiyar Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma ko iskar da ke tasowa daga Binuwai ba ta da sanyi.

Neman jini shi ne wahalar farko. Ɗakin ajiyar jini ba ya ba ka leda sai ka kawo masu mayarwa, mu an ce mutum biyu kan kowace leda. Ba mugunta ba ce, babu ne. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru takan ce ƙasar na buƙatar leda wajen 400,000 a shekara, abin da ake samu kuwa ko rabi bai kai ba, kuma mafi yawansa daga 'yan uwan marasa lafiya yake fitowa. Maigida ya bi dangi da abokan kasuwa. Wani ya ce jininsa ba shi da yawa, wani ya ce an ce sayarwa suke yi, wani ya kashe waya. Waɗanda suka amsa sai bayan shan ruwa suke zuwa, su ci abinci su huta sannan a ɗiba. Ana auna nauyin mutum, sai ya kai kilo 50, a duba ƙarfin jininsa, a ɗebi kusan mililita 450, ƙasa da rabin lita ke nan. Sannan a gwada jinin a kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da na C, da tunjere. Cikin mutum takwas da suka zo, an mayar da biyu. Ɗaya nauyinsa bai kai ba. Ɗayan, ɗan uwanmu ne na kusa, a wurin ya fara jin yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ya zo taimakona ya koma gida da labarin da bai zata ba, amma yanzu yana ganin likita, matarsa da 'ya'yansa an gwada su an yi musu rigakafi.

Daren da za a shiga da ni, kunya ta sa na yi wani abin da ba wanda ya sa ni. Na ɗauki reza na aske marata tas, don kada maza su gan ni a haka. Na ɗan yanke a wuri biyu, ban ɗauke shi komai ba. Da safe babbar malamar jinya, wadda a nan muke ce wa manjo, ta ɗaga zanen ta gani, ta yi tsaki a hankali ta ce, "Madam, wa ya ce ki yi wannan?" Ta ce reza na barin ƙananan tsagogi a fata, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya a daidai inda za a yanka. In gashi ya zama dole a cire, da injin aski ake ragewa, su ne kuma za su yi. Ta sa na yi wanka da sabulu, aka saka mini ruwa, aka yi mini allurar kashe ƙwayoyin cuta gab da shiga.

Aikin ya ci kusan awa uku. Abin da na sani game da shi daga baya na ji. An ɗaure gindin mahaifar da roba don rage zubar jini, duk da haka da aka zo kan babban ƙarin jini ya zuba da yawa, hawan jinina ya faɗi, aka rataya leda ta farko ina kan tebur. Ta biyu kuwa da idona na gan ta, da yamma, bayan na farfaɗo. Manjo da wani malamin jinya suka tsaya su biyu, ɗaya na karanta sunana da rukunin jinina daga takarda, ɗaya na duba na jikin ledar, lamba bayan lamba. Ledar ja ce mai duhu, har ta fi kama da zoɓon da ya jiƙu sosai. Da ta fara shiga na ji sanyi yana bin jijiyar hannuna har kafaɗa. Minti goma sha biyar na farko manjo ba ta matsa ba, tana kallon fuskata, tana tambaya ko ina jin ƙaiƙayi, ko rawar sanyi, ko ciwon baya. Ta ce in jiki zai ƙi jini, yawanci a farkon nan yake nunawa. Ta rubuta lokacin da aka fara a jikin filasta, don leda ba ta wuce awa huɗu a rataye. Ina kallon ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya ina tunanin ko na wane ne, wane gida ya fito, me ya ci da shan ruwa.

To, sai ga gardamar washegari. Da likita ya ga Inna ta ɓata rai, sai ya jawo kujera ya zauna, abin da ba su cika yi ba. Ya ce, "Mama, jiya da ban saka mata jini ba, da yau ba ma wannan maganar. Jiya magani ne. Yau kuma in na ƙara mata wanda jikinta ba ya buƙata, nauyi zan ɗora mata. Jinin wani ba ruwan sha ba ne. Jiki yana gane baƙo, kuma yayin da yake fama da baƙon, tsaron da yake yi wa ciwon nan na cikinta yana raguwa. Waɗanda aka ƙara wa jini sun fi saurin samun ruɓar ciwo bayan aiki, kuma yawan leda yawan haɗari." Ya ce zai sake auna ni gobe, in ya sauka ƙasa da 7, ko na fara haki, ko zuciya ta fara gudu, shi da kansa zai je ya ɗauko ledar. Inna ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta juya masa baya.

Washegari 8.0 aka samu. Ba a ɗauko ledar ba.

'Yar yayana tana karatun likita a nan Garwa, ita ke kwana da ni wasu dararen. Ita na tsare da tambaya, don maganar likitan ta tsaya mini a rai. Yaya za a yi abin da ya ceci raina ya zama kuma shi ke buɗe wa cuta ƙofa? Ta ce, "Goggo, abin daga wajen masu dashen ƙoda aka fara gano shi." A 1973 wani likita mai suna Gerhard Opelz da abokan aikinsa a Amurka suka lura cewa waɗanda aka taɓa ƙara wa jini kafin a dasa musu ƙodar wani, jikinsu bai cika ƙin ƙodar ba. Wato jinin da aka ƙara musu ya kwantar da garkuwar jikinsu. Ga mai dashen ƙoda wannan alheri ne. Ga wadda aka tsaga wa ciki kuwa, garkuwar da ta yi laushi ita ce ake buƙata ta tsaya a bakin ciwo ta hana ƙwayoyin cuta shiga. Ta ce ana zargin fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa da ke cikin ledar, da wasu sinadarai da ke taruwa yayin da jini ke zaune a firji. Faransa tun 1998, Ingila da Kanada kuma tun 1999, suna tace fararen ƙwayoyin daga kowace leda kafin a ba mara lafiya. Nawa ba a tace ba, yadda aka ɗebo shi haka aka saka mini.

Ta kuma ba ni labarin wani bincike da aka buga a 1999, wanda aka yi a Kanada kan marasa lafiya 838 da ke ɗakin kulawa ta musamman. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya ana ƙara musu jini da zarar ya sauka ƙasa da 10, ɗaya kashin sai ya sauka ƙasa da 7. Waɗanda aka yi wa tsimin jinin ba su fi mutuwa ba. Daga nan likitocin duniya suka fara janye hannu, aka daina tsohuwar al'adar cika mutum da jini don ya yi kyan gani. A 2014 aka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje aka duba, aka ga waɗanda aka yi wa tsimi sun fi tsira daga cututtukan da ake ɗauka a asibiti. Mai ciwon zuciya akan ɗaga masa ma'aunin zuwa 8, wanda kuma jini ke zuba a jikinsa a lokacin ba a tsaya jiran lamba. Na ce mata to ashe likitan ba rowa ya yi ba. Ta yi dariya ta ce, "Goggo, in da rowa ce ai da ta farkon zai hana."

Kwana huɗu na farko komai lafiya. Na tashi na taka, na sha kunu, aka cire robar fitsari. 'Yan dubiya kuwa ba a magana. Bayan la'asar ɗakin ya cika maƙil, mata goma sha a kan gado shida, ga kwanuka, ga yara, ga fanka ɗaya da ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Zufa na bin cikina tana taruwa a ƙarƙashin filasta, gefensa ya fara ɗagowa. Wata gwaggona ta zo, cikin ƙauna da tausayi, ta ɗaga bandejin da yatsa don ta ga ɗinkin, ta yi addu'a ta tofa. Ban iya hana ta ba. Wa zai ce wa babbar mace kada ta yi masa tofi? Ni kaina da dare in ƙaiƙayi ya dame ni nakan tura yatsa in sosa gefen. Famfon ɗakin kuma kwana biyu ba ruwa, sai abin da maigida ya kawo a jarka.

Aka sallame ni rana ta biyar. Daren rana ta shida zazzaɓi ya rufe ni. A Garwa in jiki ya yi zafi ba a tambaya, cizon sauro ne, maigida har ya aika a sayo magani. 'Yar yayana ta hana, ta ce a gwada tukuna, don zazzaɓin cizon sauro ma yana iya biyo jinin da aka ƙara wa mutum, amma a fara duba ciwon. Ta wanke hannu, ta haska fitilar waya. Gefen dama na ɗinkin ya yi ja, ya kumbura yana sheƙi, in ta taɓa kusa da shi sai in ji kamar an ɗora garwashi. Ciwon da ya kamata a ce kullum raguwa yake, tun jiya ƙaruwa yake yi, yana bugawa kamar zuciya. Da ta ɗan danna, wani ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, ya ɓullo ta tsakanin zare biyu. Warin ne ya sa na fashe da kuka. Na ɗauka cikin ne ya ruɓe gaba ɗaya.

Da asuba muka koma. Gwajin cizon sauro bai nuna komai ba. Likita ya duba ya ce ruɓar a sama take, fata da kitsen ƙarƙashinta, ba ta kai ga naman ciki da aka ɗinke ba, mu gode wa Allah da muka zo da wuri. Ya goga auduga mai sanda a cikin mugunyar aka kai ɗakin gwaji. Sannan ya yi abin da ban zata ba, ya warware zare huɗu ya buɗe wurin da gangan. Na ce, "Likita, ɗinkewa za ka ƙara yi ko buɗewa?" Ya ce mugunya in aka rufe ta ciki take ci, maganinta na farko hanya, ƙwaya daga baya take zuwa. Ya matse, ya wanke da ruwan gishirin asibiti, ya cusa gaz mai laima, wato ƙyallen wankin ciwo, a ramin, ya rufe da busasshe. Ramin ya kai tsawon ɗan yatsa, zurfinsa gaɓa guda. Na leƙa sau ɗaya ban ƙara ba sai bayan mako.

Bayan kwana uku sakamako ya fito. Ƙwayar cutar sunanta sitafilokokus, kuma abin da ya ba ni mamaki, ba daga wata duniya ta zo ba. A fatar mutane da cikin hancinsu take zama, lafiyayyu da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba. Takardar ta jera magungunan da ke kashe ta da waɗanda ta fi ƙarfinsu. Aka sauya mini magani bisa takardar.

Ranar na yi wa likita tambayar da Inna ke ta yi a gida, don ita ta riga ta yanke hukunci cewa hana ni leda ta uku ne ya sa jikina ya rasa ƙarfin warkewa. Wata maƙwabciya kuma ta ce a'a, jinin da aka saka mini ne ba shi da kyau. Na ce, "Likita, tsakaninka da Allah, jinin ne ya jawo mini wannan?" Ya ce ƙwayar ba daga leda ta fito ba, daga fata ta shiga. Jinin yana iya zama ya rage wa jikina ƙarfin korar ta. Amma ya ce in lissafa da kaina: na shiga aiki da ƙarancin jini, kuma naman da ba ya samun isasshiyar iska ba ya saurin haɗewa, aikin ya yi tsawo, na zubar da jini da yawa, ga reza, ga zafi da zufa, ga hannuwa. Ya ce su kansu masana suna ja-in-ja kan nawa ne laifin jinin, nawa ne kuma na halin da ya sa aka buƙaci jinin, tunda wanda aka ƙara wa jini dama shi ne wanda ya fi jigata. Abin da ba a ja-in-ja a kansa shi ne, wadda ta shigo da jini 12 ta fi wadda ta shigo da 8 nisa da leda, ta kuma fi ta nisa da mugunya. Bai ambaci ƙwayoyin ƙarfen da na ajiye ba. Ni na tuna da su, suna nan cikin kwalinsu a saman firji.

Ban kuma zama ni kaɗai ba. A layin wankin ciwo na tarar da mata, yawancinsu masu haihuwar tiyata, kowa riƙe da ledarta ta gaz da safar hannu da filasta da ta sayo. Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta fitar da shawarwari 29 kan hana ruɓar ciwon tiyata a 2016, ta ce a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki suna kamuwa, a Afirka kuma har kashi 20 cikin 100 na matan da aka ciro wa jariri ta ciki. Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya samu kusan mutum ɗaya cikin biyar na gamuwa da matsala bayan aiki, kuma kamuwa da ƙwayoyin cuta ce ta fi yawa. In na ji waɗannan alƙaluma fuskokin matan layin nan nake gani, da jariransu a baya, da yadda kowace ke takawa a sunkuye tana dafe da mara. Abin da ke cikin shawarwarin nan kuma mafi yawansa ba mai tsada ba ne: wanka da sabulu kafin aiki, barin reza, allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa biyu kafin a yanka, wanke hannu yadda ya kamata. Har sun ce kada a ci gaba da ɗirka wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana da kwanaki bayan aiki da sunan rigakafi, don ba ya hana ruɓa, sai dai ya koya wa ƙwayoyin taurin kai. Ina ganin asibitin da ake tsaga cikin mutane bai kamata famfonsa ya kwana biyu a bushe ba, kuma wannan ba laifin manjo ba ne, wadda na sha gani tana wanke hannu da ruwan da ta sayo da kuɗinta.

Wankin ciwon kullum ne a makon farko, daga baya aka koma bayan kwana biyu. Zafinsa a wajen ciro tsohon gaz yake, in ya manne. Manjo takan jiƙa shi da ruwan gishiri ta jira, tana ja na da hira kan 'yan ajina har ya saki. Ita ta koya mini karanta ciwon. Ta ce in na ga ja mai ƙyalli, mai ƙananan ƙuraje kamar cikin gwaba, wannan sabon nama ne, in yi murna. Fari-fari ko rawaya mai yauƙi shi ne wanda ake cirewa. Ciwo irin wannan daga ƙasa yake cikowa, ba a gaggauta rufe bakinsa. A gida aka kawo shawarwari iri-iri, man shanu, toka, garin ganye, gashi da ruwan zafi. Wannan karon na samu bakin magana. Na ce duk mai son yi mini addu'a ga kaina nan, ya dafa ya tofa, amma bandeji ba mai taɓawa. Na ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Gwaggon nan tawa ta ɗan ji haushi, daga baya ita ce ke tsare ƙofar tana sa mutane wanke hannu.

Na koma kan ƙwayoyin ƙarfe, wannan karon da ruwan lemon tsami, shayi kuma sai bayan awa biyu. Da na yi ƙorafin tashin zuciya likita ya ce in riƙa sha bayan na ɗan ci wani abu, kuma ya rage mini yawansa maimakon in daina. Inna ta ɗauki girki a hannunta: hanta, kifin Binuwai, wake, ƙwai, miyar zogale, miyar yakuwa da nama. Kuɗin gaz da safar hannu da magani da na babur zuwa asibiti, da muka tara, sun kusa kai kuɗin aikin kansa. Sallah ta zo ta same ni da rami a ciki, ɗinkin da na yi ko gwada shi ban yi ba. Makaranta kuma sai da na yi wata biyu ban leƙa ba.

A ɗaya daga cikin ranakun wankin ne na tambayi manjo ina ledata ta uku ta kwana. Ta ce ba ta kwana ba. Daren ranar da aka yi gardamar aka kawo wata yarinya daga ƙauye a bayan mota, ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa, ba ta da kowa sai tsohuwar da ta rako ta, kuma rukunin jininmu ɗaya. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Da na gaya wa Inna ta yi shiru, can ta tambaya ko yarinyar ta tashi. Na ce manjo ta ce da ƙafarta ta koma gida. Inna ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta shiga madafa.

Ciwon ya rufe a kwana na 37 bayan buɗe shi. Tabon gefen dama ya fi na hagu faɗi, ya ɗan lotsa ciki, in gari ya yi zafi yana ƙaiƙayi. A watan Yuni, ranar 14 ga wata da ake tunawa da masu ba da jini a duniya, maigida da ƙannena biyu suka je suka bayar ba tare da wani namu na kwance ba. Ni ma na bi su, amma awo na je yi. Aka soki yatsana, na zauna a benci ina jira. Malamin ya leƙo ta taga ya miƙo mini takarda, 11.9, ya ce in ci gaba da shan ƙwayoyin wata uku nan gaba kafin in dawo.